Sunan Kakana A Wuyan Wani

Shafi na 17

Na ga saƙonninku. Baiwar Allahn da ta ce in na ƙara kwana biyu ban saki shafi ba za ta biyo ni har Tarabulus ta Lebanon, ki taho, ƙofarmu a buɗe take. Jikin Baba ne ya motsa, shi ya riƙe ni. Da sauƙi yanzu.

Ku da kuka shigo jiya-jiya kuna tambayar wane ne wane, ga shi a gurguje. Ni ce Nazha, shekarata talatin da huɗu. A Lebanon aka haife ni, aka haifi ubana Taniyos, aka haifi ubansa Dib, amma babu ɗayanmu da ya taɓa riƙe katin ɗan ƙasa. A wajen hukuma ba a haife mu ba. Lauyata ta ce hanya ɗaya ce, in nuna kakana yana cikin ƙidayar 1932. Na nema, na kuma samu: ƙauyen Kafar Lauza, gida mai lamba arba'in da ɗaya, Melhem Shalhub da matarsa Zumurrud da ɗansu Dib, ɗan shekara uku. Sai aka ce mini wancan Dib ɗin yana da katinsa da iyalinsa a ƙauyen, ba mu ba ne. Ɗansa Fu'ad, wanda shi ne mai unguwar garin yanzu, ya kalli tsabar idona ya ce ubansa ya rasu tuntuni, kuma ba su da dangi a Tarabulus.

A nan muka tsaya.

*

Ranar Alhamis, ana tashi daga addu'ar safe, na je na tsaya a bakin ɗakin da ake ajiye littattafan cocin Kafar Lauza. Limamin cocin, Fada Sim'an, yana hango ni ya rage sauri.

"Ke ce kuma?"

"Ni ce, Fada. Zuwa na huɗu."

"'Yata, na faɗa miki mabuɗin ɗakin nan yana wajen..."

"Yana aljihunka na dama. Na ji ƙararsa sa'ad da ka durƙusa."

Bai yi dariya ba. Na miƙa masa takardar izinin da na karɓo daga ofishin bishop, shugaban limaman yankin, bayan zirga-zirgar wata biyu. Ya karanta, ya juya bayanta, ya sake karantawa.

"Kin san a garin nan nake kwana, ko? Ke da yamma za ki hau mota ki tafi."

"Na sani. Kai ma ka san in an tsayar da motar a shingen sojoji, kowa zai ciro kati, ni kuma sai in fara ba da tarihi. Buɗe mana."

Ya buɗe.

Ɗakin warin tsohuwar takarda yake yi da na kyandir. Ya hau kujera ya sauko da wani littafi mai baƙin bango, ya hure ƙurar, ya ajiye a tebur. Da kansa ya riƙa juya shafukan, bai bari na taɓa ba.

"Ga shi. Watan uku, 1929. Dib, ɗan Melhem Shalhub da Zumurrud. An yi masa baftisma yana da kwana tara. Shi ke nan, kin gani."

Ya kama bangon zai rufe. Na ɗora tafin hannuna a kan shafin.

"Wancan rubutun na gefe fa?"

Kun san yadda coci ke yi. Duk inda mutum ya yi aure, sai an sanar da cocin da aka yi masa baftisma, a rubuta a gefen sunansa. To a gefen sunan Dib layi biyu ne, ba ɗaya ba.

Fada ya gyara tabarau.

"Ya auri Mariyana, a cocin nan, 1951."

"Na ƙasa."

Ya kau da ido daga shafin.

"Fada, na iya karatu. So nake in ji daga bakinka."

"Ya auri Wadi'a, a Tarabulus, 1954."

Wadi'a kakata ce. Ita ta yi mini kitso har na shekara goma sha biyu. Ban zauna ba, don kada ya ɗauka na gaji.

"Mariyana ta rasu ne kafin 1954?"

"A 2003 ta rasu. Ni na yi mata addu'ar binnewa."

"To tun yaushe cocinmu ya fara ɗaura wa namiji aure biyu, matar farko tana raye?"

"Bai taɓa ba."

"Ke nan mutum biyu ne."

Sai na lura da wasu ƙananan haruffa a ƙarƙashin layi na biyu, ba na Larabci ba, irin na Suriyanci da tsofaffin limamanmu ke rubuta addu'a da su.

"Wannan kuma me ya ce?"

"Addu'a ce kawai."

Na ciro waya na ɗauki hoton shafin, sau uku.

"Ba komai. Akwai tsofaffin limamai a gidan ibadar kan dutse, suna karanta shi kamar shan ruwa. Zan kai musu, in ce limamin Kafar Lauza ya ce addu'a ce."

Ya dube ni. Sannan ya ja kujera ya zauna, ya sa yatsa a ƙarƙashin layin.

"Hannun Fada Bulus ne, wanda ya riƙe cocin nan a lokacin. Ya rubuta: Wannan shi ne ɗan Zumurrud. Ya zo da kansa, na ga fuskar uwarsa a tasa. Allah ya gafarta mini na farkon."

Ban yi kuka ba. Masu cewa a saƙo ina da taurin zuciya, ku faɗi son ranku. Na sha kukana a layin ofisoshi tun ina 'yar shekara sha takwas, ya ƙare.

Na ce, "To shi na farkon daga ina ya fito? Ba daga sama ya faɗo ba."

Fada ya ce, "Abin da aka faɗa mini a wurin furta zunubi, ko wuƙa aka sa mini a wuya ba zan maimaita ba."

"Ban tambaye ka shi ba."

"Na sani. Littafi dai ba sirri ba ne."

Ya juya shafi, ya ƙara juyawa, har ya kai 1931. Ya tura mini littafin, ya kau da kai yana kallon bango.

Jirjis. Uwa: Adla, mai aiki a gidan Shalhub. Uba: ba a ambata ba. Wanda ya riƙe shi a baftisma: Nasif Shalhub.

Nasif ƙanin Melhem ne. Gefen sunan Jirjis kuwa fari fat, ko ɗigo babu.

"Yana cikin ƙidaya?"

"Ke kika riƙe kwafin ƙidayar. Kin gan shi?"

"Babu shi. Ya yi aure?"

"Ba a rubuta ba."

"Ya mutu?"

"Ba a rubuta ba."

Wato yaro ɗaya ya shiga littafi ya ɓace, wani yaron kuma ya yi aure biyu. Ko ɗan firamare ya iya wannan lissafin.

Na ce, "Ɗauko mini littafin matattu. Ina son ganin ranar da uban Fu'ad ya rasu."

Fada ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa.

"Ba sai na ɗauko ba. Ban binne shi ba, 'yata. Wanda ya gabace ni ma bai binne shi ba."

Na ɗauki jakata.

"Nazha, tsaya ki ji. Kira lauyarki tukuna."

"Zan kira ta daga can."

*

Gidan Shalhub yana saman gari, na farin dutse mai jan rufi. Kakar zaitun ce, tsakar gidan cike da buhuna. Na tarar da Hasiba, yayar Fu'ad, zaune a kan tabarma tana fasa zaitun da dutse tana jefawa a bokitin ruwan gishiri. Ta kusa saba'in, ba ta taɓa aure ba. Sau ɗaya muka taɓa haɗuwa, ranar da ƙaninta ya kore ni.

"Sannu da aiki, Gwaggo."

Ba ta ɗago ba.

"Ni ba gwaggonki ba ce."

"Da safe ni ma haka na ɗauka. Yanzu na fito daga coci."

Dutsen ya tsaya a hannunta, sannan ya ci gaba da sauka.

"Sai ki je ki yi ta addu'a. Fu'ad ba ya nan."

"Ba wajensa na zo ba. Wajen babanku na zo."

"An faɗa miki ya rasu."

"An faɗa mini. A wane kabari zan kai masa fure?"

Ta ɗago ta dube ni. Idanunta irin na Babana ne sak, masu ɗan faɗuwa a gefe. Abin ya ba ni haushi fiye da duk maganganunsu.

"Yarinya, me kike nema a wajenmu? Gona? Zaitun? Ɗauki buhu biyu ki tafi."

"Ki riƙe zaitun ɗinki. Ni ko cinsa ban cika yi ba."

"To me?"

"Sunan kakana. Yana wuyan wani shekara kusan casa'in, na zo karɓa."

Na durƙusa gabanta na nuna mata hoton. Ta ture wayar da bayan hannu.

"Ban iya karanta rubutun matattu ba."

"Bari in karanta miki. Jirjis, ɗan Adla."

Jinin fuskarta ya janye. A nan na gane ta taɓa jin sunan.

Sai ga ƙarar mota a ƙofar gida. Wani ya riga ya kai wa Fu'ad labari, a Kafar Lauza kafin ka yi atishawa an ce maka sannu. Ya shigo da hatiminsa na mai unguwa yana leƙowa daga aljihun riga.

"Ban ce kada in ƙara ganin ƙafarki a gidan nan ba?"

"Ka faɗa, Baffa. Ka kuma ce babanka ya rasu. Ban san wacce zan ɗauka a ciki ba."

"Wa ye baffanki? Ke, kin san abin da ke samun marar takarda in na kira jami'an tsaro?"

"Kira su. Wallahi kira su. Su rubuta sunana a takardar kamu, in roƙe su kwafi. Shi ne karo na farko da hukuma za ta rubuta Nazha a wani wuri."

Ya ciro wayar, ya tsaya yana kallonta. Bai danna komai ba.

Hasiba ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa. Muryarta ta sauka.

"Ke ba ki gane ba ne. In babanmu ba Dib ba ne, to mu su wane ne? Katina a kan sunansa yake. Na Fu'ad, na 'ya'yan Fu'ad, na jikokinsa huɗu. In ke kin samu, mu mun rasa. Haka kike so? Ki mai da yara ƙanana irinki?"

Gaskiya maganar ta shige ni. Amma irinki ɗin nan da ta faɗa, kamar wata cuta, ita ta tsayar da ni.

"Irina ba daɗi, ko? To ki ji yadda irina suke. Na karanta aikin jinya na fi kowa a ajinmu, aka hana ni zama jarrabawar ƙarshe. Wanda zai aure ni ya jira shekara biyar, uwarsa ta ce ba za ta haɗa jini da wadda ba a rubuta ba. Ƙanena Rabi' ba shi da fasfo, ya hau kwale-kwale shekara biyu ke nan, har yau ko takalminsa teku bai dawo mana da shi ba. Babana yana kwance, abin da yake roƙo kawai a rubuta ya mutu in ya mutu. Ban zo ƙwace katin jikokinku ba, lauyata ta ce akwai hanyar da kotu ke bi. Amma ko babu hanya, ba zan koma in ce wa Baba na tausaya wa masu jan rufi na bar shi ba."

Fu'ad ya nuna ƙofa.

"Fita."

"Ba inda za ni."

"Na ce fita."

Sai muka ji bugun sanda a kan katako, daga ɗakin da ke ƙarshen baranda. Sau uku. Wata murya siririya ta biyo baya.

"Hasiba. Wace ce ke kiran sunan Adla a gidan nan?"

Hasiba ta juya wajen ɗakin.

"Ba kowa, Baba. Mai sayen zaitun ce."

"Kunnena bai mutu ba. Ku bar ta ta shigo."

Fu'ad ya tare hanya. Na bi ta gefensa, kafaɗata ta bugi tasa, ban ce yi haƙuri ba.

*

Ɗakin ƙarami ne, tagarsa na kallon gonar. Tsohon yana jingine da filo uku, fata da ƙashi, ga hoton Budurwa Maryamu a saman kansa. Ya ɗaga hannu ya yafito ni.

"Matso, idona ya yi rauni. 'Yar wa ce ke?"

"Nazha, 'yar Taniyos, ɗan Dib, ɗan Melhem da Zumurrud."

Ban taɓa faɗin jerin nan da ƙarfi a gaban wani ɗan Kafar Lauza ba tare da an yi mini dariya ba. Shi bai yi ba.

"Dib ɗin yana raye?"

"Ya rasu tun ina ƙarama. Ɗaukar kaya yake yi a tashar jirgin ruwa har ƙarfinsa ya ƙare."

Ya rufe ido. Hasiba da Fu'ad sun shigo sun tsaya a bayana.

Fu'ad ya ce, "Baba ya rikice. Likita ma ya faɗa. Duk abin da ya ce ba a kama shi."

Tsohon ya ce, "Na san ranar yau, na san sunan likitan, na san kai ne ka hana a riƙa fitar da ni baranda. Yi mini shiru."

Ya juyo gare ni.

"Ina ɗan shekara uku Melhem ya faɗo daga kan itace ya mutu. Gonar nan tasa ce, ɗansa ne magaji. Nasif, ubana, wanda bai taɓa yarda in kira shi uba ba, ya ƙulla wa Zumurrud sharri, ya ce tana bin maza. Ta ɗauki ɗanta ta gudu da kayan jikinta. Takardun suna akwatin Nasif. Ya sallami uwata Adla, ya riƙe ni. Daga ranar aka ce sunana Dib. In aka kira Jirjis na waiga, sai bulala. Wata uku aka yi, na daina waigawa."

"Garin fa? Babu wanda ya san yaran biyu?"

"Kowa ya sani. Rabin garin a gonar Nasif suke aiki."

Hasiba ta zauna a bakin gado tana murza yatsunta.

Na ce, "Kai yaro ne a lokacin, ban ɗora maka ba. Da ka girma fa?"

"Kin iya tambaya." Ya yi tari, ya huta. "Kakanki ya zo nan. Shekarar da zai yi aure, ya zo coci karɓar shaidar baftisma, ya biyo ta gidan nan. Ni na buɗe masa ƙofa, Hasiba tana hannuna tana jaririya. Ya ce, ni ne Dib ɗan Melhem. Kin san me na ce masa?"

"Me ka ce?"

"Na ce, ni ma."

Ya ja numfashi, ya ci gaba.

"Bai nemi gona ba. Kati kawai ya roƙa. Nasif ya fito da bindigar farauta, ya raka shi har bakin gari. Ni kuma ina tsaye da 'yata a hannu, na ce a raina in na yi magana ita za ta zama ba kowa ba. Na zaɓi tawa. Ba zan ce miki ban san abin da nake yi ba."

Ni da na zo da wuta a ƙirji, na ɗauka in na ji wannan zan ji sanyi. Ban ji ba. Na ga dai mutumin da ya ci sunan kakana ya tsufa a cikinsa, ga shi yana kallona yana jiran in zage shi.

"Ba zan ce na yafe ba, don ba ni kaɗai aka yi wa ba. Abu ɗaya nake so. Lauyata za ta zo da mai rubuta shaida, ka maimaita musu abin da ka faɗa mini, ka sa hannu."

Tsohon ya yamutsa fuska.

"In sake? Ai na riga na yi."

"Ka yi me?"

"Na rubuta duka da hannuna, shafi huɗu, lokacin ido yana gani. Shaidu biyu suka sa hannu. Na sa aka nemo inda ubanki yake zaune. Shekara goma sha biyu ke nan. Na yi ta jira ku zo, da ba ku zo ba na ce kun ƙi ni ne, kuma kuna da gaskiya." Ya ɗaga kai yana neman fuskata. "Ba ku samu ba?"

"Wa ka ba ya kai?"

Sandarsa ya ɗaga, ya nuna bayana.

Na juya. Fu'ad ya tura ƙofar ɗakin ya rufe, ya jingina da ita.

"Hasiba, tashi ki fita. Zan yi magana da yarinyar nan."

Hasiba ba ta tashi ba. Ta goge hannunta a jikin zane, ta dubi ƙaninta kamar yau ta fara ganinsa.

"Ba inda zan je. Ina takardar, Fu'ad?"